Gajiyar Biki

A gidanmu ba abincin ranar biki ake yabo ba, na kwanakin da ke biye da shi ne. Ranar biki kowa ya iya girki, in ji Baba, a zuba mai a zuba nama, ko wa ya dafa za a lashe kwano. Gwanintar mutum tana fitowa ne bayan baƙi sun watse, an bar shi da tukwane rabi-rabi. A nan kuwa Mama ba ta da na biyu. Shinkafar da ta kwana ta daskare sai ta baza ta a faranti ta sha iska, ta soya ta da ƙwai da albasa har ka rantse yanzu aka sauke ta. Kazar da aka yagi gefenta aka bari ta zare tsokar da yatsu, siri-siri, ta shiga miya, ƙasusuwan kuma su tafasa su ba da romo. Burodin da ya yi taurin da in ka jefi mutum da shi sai ya kai ƙara, ta tsoma shi cikin madara da ƙwai ta gasa a kasko. Dankalin jiya ta murƙushe shi, ta dunƙula, ta soya.

Baba ba ya gajiya da faɗa wa baƙi cewa a gidan nan ko ƙwayar shinkafa ba ta shiga shara. Yana faɗa yana buga ƙirji, kai ka ce shi ne yake tsayawa a gaban murhu, alhali inda ake ajiye gishiri ma bai sani ba.

Idan tukwane suka ƙare kuma, sai Mama ta kwanta. Kowace shekara. Ciwon ciki, zazzaɓi, zirga-zirgar banɗaki, ta yi 'yan kwanaki a gado ta miƙe ta ci gaba da harkarta. Har suna muka raɗa wa abin, gajiyar biki. Ƙanena Auta, wanda yanzu ya yi iyali yana can wata unguwa, yakan bugo waya ya ce, "Mama, gajiyar ta iso ko tana hanya?" A yi dariya, ita ma ta yi.

Bana ba abin dariya ba ne, saboda idonta. Yanar ido ta rufe na hagu ruf, na dama ma yana bin sahu. Mutum yana tsaye a gabanta sai ya yi magana take gane shi. Likitan da ke yin aikin idon ba a garinmu yake ba, zuwa yake jefi-jefi ya yi wa waɗanda layi ya zo kansu ya tafi. Mun daɗe muna jira, har Mama ta daina tambaya, sai ga shi an ba mu rana a makon da ke bayan biki. Nas ɗin da ta gaya mana ta ja mana kunne sosai. A zo lafiya lau, ba zazzaɓi, ba tari, ba amai, ba gudawa. In ba haka ba za a ba wani gurbin, mu kuma sai likita ya sake zagayowa, kuma ita kanta ba ta san yaushe ba.

Shi ya sa na ɗauki hutu na dawo gida, ni babbar 'yarsu. Aikina amsa waya ne a wani ofishi, inda mutane ke kira su zazzage mini fushinsu ni kuma in yi ta ba su haƙuri. Duk haƙurina a can yake ƙarewa, abin da nake kawowa gida ƙanzo ne. Niyyata in hana Mama wahala, in yi mata wanke-wanke da shara da kai-kawo, don gajiyar nan ta samu ƙofa a rufe. A lokacin na ɗauka gajiya ce da gaske.

Biki ya zo ya wuce, sai dai abincin ya fi ƙarfin masu ci. Auta ya zo da matarsa da yara, suka ɗan tsakura suka ce akwai wasu gidajen da za su leƙa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta turo tire guda na soyayyen nama a kan wanda muke da shi, don kada a ce ba ta turo ba. Firjinmu ƙarami ne, tsoho, ƙofarsa sai an danna da gwiwa take kamawa. Abin da ya shiga ya shiga, sauran aka jera a baranda, inda rana take dukan bango tun hantsi.

Washegari Mama ta kira ni kicin. Wannan kaɗai abin mamaki ne, don tun muna yara iyakarmu bakin ƙofa idan tana gyaran abincin biki.

"Yayarsu, zo ki riƙe min wuƙa," ta ce. Haka take kirana tun da aka haifi Auta. "Jiya na yanki yatsana a madadin karas."

Na zauna ina yanka, ita tana rarraba. Takan buɗe tukunya, ta kai hanci, ta taɓa da yatsa ta murza. Abin da ya yi mata sai ya shiga babbar roba. Wanda ta shinshina ta yi jim, ta sake shinshinawa, sai ta zuba shi a wani ƙaramin kwano mai murfi da ta ajiye bayan buta. Shinkafar gefen tukunya da ta fara yauƙi, kabejin da ya saki ruwa, wata cinyar kaza da launinta ya sauya kusa da ƙashi, duk can suka tafi. Na ɗauka na kyanwoyin bayan gini ne. Ban tambaya ba, ina fama da albasa.

Da rana muka zauna a tebur ni da Baba. Mama ba ta zama da mu, ba ta taɓa ba a irin kwanakin nan. "Ku ci, na taɓa a kicin," shi ne zancenta. Baba ya kai loma ya lumshe ido ya fara waƙar da ya saba, wai wannan shinkafa ta fi ta jiya. Na tashi in ɗauko ruwa.

Na tarar da ita a tsaye, ta juya wa ƙofa baya, tana fuskantar wurin wanke-wanke. Ƙaramin kwanon yana hannunta. Ta sake soya abin da ke ciki da barkonon da ya mai da shi jawur, har yajin ya shaƙe ni daga bakin ƙofa. Ci take da sauri, ba ta ko tauna sosai.

"Mama, me kike ci?"

Ta zabura ta dafe murfi. "Ke ba kya motsi ne in kina tafiya?"

"Abin da kika ware ɗazu ne. Wanda ya juya."

"Bai juya ba, ya dai fara tunanin juyawa. Na sake soya shi. Wuta ba ta barin komai."

"Wuta ba ta barin komai? Kazar nan wari take, ina zaune na ji."

"Rage murya, babanku yana ci."

"Tun yaushe kike wannan?"

Ta goge bakinta da bayan hannu. Idanunta masu hazo suna kallon gefen kafaɗata, don ba ta ga daidai inda fuskata take ba. "Tun da nake da kicin. Wa kike so in ba? Babanku, da cikin nan nasa da ruwan sanyi ma yake tayar da shi? Ko ku, kuna ƙanana? Ni cikina ya saba."

Zuciyata ta tafasa. Ashe abin da muke yi wa dariya shekara da shekaru kenan. Mu mu ci mai kyau a tebur, ita ta ci ruɓaɓɓe a tsaye, ta kwanta ciwo, mu bi ta da tsokana.

"Saba fa kika ce? Kowace shekara sai kin kwanta!"

"In kwanta in tashi. Na taɓa mutuwa?"

"To shara fa? Don me aka yi ta?"

"Don ɓawo da ƙashi. Abincin da na tsaya a kansa har ƙafata ta kumbura shi zan ɗauka in kifa kan ƙazanta?"

Na sassauta murya, irin yadda nake yi wa masu kira a ofis. Na ce ko yunwa ta sha tana yarinya, shi ya sa.

"Kada ki ƙirƙira min labari," ta ce. "Gidanmu ba a taɓa kwana da yunwa ba. Hannuna ne ba ya iyawa, iyakar abin kenan. In na ɗaga kwano a kan shara sai hannun ya tsaya." Ta lalubo tsintsiyar hannuna ta riƙe. "Kuma kada ki kuskura ki gaya wa babanku. Tun da ya bar aiki ba shi da sauran abin taƙama sai gidan nan. Ki bar masa."

Na fizge kwanon. Ban taɓa fizge abu daga hannun uwata ba sai ranar. Na juye shi a leda, na ƙulle, na sauka daga bene na jefa a babbar sharar bakin titi. Da na dawo na tarar da ita a wurin wanke-wanke. Tana tsaye tana wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

Daga nan na shiga yaƙi da tukwane. Da farko na ce bari in rabar, tunda kyauta ba zubarwa ba ce. Na ɗauki roba na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu ta ƙasa. Tana buɗe ƙofa ta gan ni da roba sai ta yi murna, ta ce in jira, ta shiga ta fito mini da wadda ta fi tawa girma. Da ƙyar na kuɓuta. Mai gadin ginin kuwa tun daga nesa ya ɗaga mini hannu biyu, ya nuna mini kwanukan da ke jere ƙarƙashin bencinsa, ya ce in ji tausayinsa, ciki ɗaya gare shi. Duk unguwar ta ƙoshi, kowa neman wanda zai ɗora wa yake.

Saboda haka na koma zubarwa a ɓoye. Duk abin da hancina ya yi shakka a kansa sai leda. Ina saukowa da wata mai nauyi muka yi kiciɓis da Baba a kan bene, yana dawowa daga yawonsa na safe.

"Me ye wannan?"

"Ɓawon dankali ne, Baba."

Ya taɓa ledar da sandarsa, ta lotsa. "Ɓawon dankali mai ƙamshin shinkafa? Ku yaran zamani! Uwarku ta raine ku ba ta taɓa zubar da loma ba, ke kin zo hutu kin buɗe mana hanyar shara. Ki koya daga gare ta tun tana da ƙarfi."

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta. Na ce masa to, na wuce.

Mama ta yi laƙwas. Tana girki ina tsaye a kanta, in ta shinshina abu ta yi jim sai in miƙa hannu, ta ba ni ba musu. Na tilasta mata zama a tebur, na zuba mata daga tukunyar da muke ci. Baba har ya yi mamaki, ya ce yau wace rana. Ta ci kaɗan, tana juya cokali. Na ga kamar na yi nasara, har na fara jin tausayinta, don duk ledar da na ƙulle sai ta juya kai wajen ƙarar.

Ana gobe aikin idon, saura tukunya ɗaya a baranda, ta miyar nama. Ita ce Mama ta fi ji da ita, ita take tafasawa safe da yamma don kada ta lalace, amma ranar da ta gabata baƙi sun zo gaisuwa an manta. Na ɗaga murfi da safe na ga ƙananan kumfa suna tasowa a gefe, alhali ba wuta a ƙarƙashi. Tsamin ya bugi hancina.

"Wannan ta gama," na ce.

"Bari in tafasa mu gani."

"Ba za mu ga komai ba, Mama."

Na tsiyaye ruwan miyar a magudana, naman ya rage a gindin tukunya. Na duba ba sauran leda ko ɗaya a gidan, na ƙarar da su. Ina cikin nema wayata ta yi ƙara. Daga asibiti ne, wai in zo yanzu in karɓi maganin ɗigawa da za a fara sa mata a ido tun yau, kafin mai bayarwa ya tashi. Na rufe tukunyar, na ce wa Baba don Allah kada ya bari Mama ta taɓa ta.

"Tukunyarta ce," ya ce, bai ko rage rediyo ba. "Ni a wa?"

Na tafi da sauri, amma layin karɓar magani ya cinye mini wuni. Da na dawo da yamma, da maganin da ƙunshin leda, na tarar da tukunyar a wanke tas, an kife ta kan kanta. Kwandon shara ba komai sai ɓawon albasa. Kicin ɗin yana warin barkono.

"Ina naman?"

"Na zubar."

"A ina?"

"A banɗaki."

"Nama, Mama? A banɗaki?"

"Kin ce a zubar, na zubar, sai kuma ki kafa min kotu? Zo ki ɗiga min maganin."

Ta kwantar da kai a kan kujera, na buɗe fatar idon na ɗiga. Da aka kawo abinci ta ce ba za ta ci ba, gara cikinta ya zama sakayau saboda gobe. Ina so in yarda da ita, don haka na yarda da rabin zuciya.

Da gari ya waye na ji famfon banɗaki yana zuba, yana ta zuba. Mama ba ta ɓarnar ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa kunne, a ƙarƙashin ƙarar ruwan na ji abin da nake tsoro. Na ƙwanƙwasa, ta ce wanka take.

Ta fito ta shirya tsaf, ta sa kayanta masu kyau. Leɓenta a bushe, goshinta yana tsatstsafo da gumi. Na kai hannu in taɓa wuyanta ta kauce.

"Lafiyata ƙalau. Kira mana tasi."

Baba ya fito yana gyara hula, don ya ce da shi za a je. Ya dube ta ya yi 'yar dariya. "Mamansu, ba dai gajiyar bikin ce ta biyo ki har yau ba? Ki ce mata ta jira a gama aiki."

"Na gaya mata," in ji Mama.

A cikin tasi ta zauna kusa da taga, ta sauke gilashi, tana shaƙar iska ta baki. Duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido ta damƙe jakarta. Na raɗa mata cewa mu koma gida. Ta raɗa mini cewa in na sake buɗe baki ba ita ba ni.

Ɗakin jira cike yake da tsofaffi, kowa da mai rakiya. Waɗanda aka ba rana suna kan benci na gaba. A baya kuma akwai waɗanda suka zo jiran tsammani, ko wani zai fasa su samu. Wani tsoho a cikinsu yana riƙe da hannun 'yarsa, yana ta tambayarta ko an kira wani. Muka zauna. Mama ta tashi zuwa banɗaki, na raka ta, ta hana ni shiga. Ta fito tana dafa bango.

Aka kira mu. Nas ɗin nan ce da ta ja mana kunne. Ta zaunar da Mama, ni da Baba muna tsaye.

"Mama, ya jiki? Ba tari?"

"Babu."

"Zazzaɓi? Amai? Ciki bai ɓaci ba?"

"Lafiya lau, 'yata."

Nas ta ɗago ta kalle ta da kyau. "Ki gaya min gaskiya fa. Ba barci za a sa ki ba, idonki biyu za a yi. In amai ya taso miki likita yana cikin idon, kika motsa, idon ya tafi kenan, ba gyara. Kuma na daman za a fara, wanda kike ɗan gani da shi."

"Na ce lafiya lau."

Hannun Mama ya lalubo nawa a ƙarƙashin tebur. Tafinta zafi rau. Ta matse ni har farcenta ya shige fatata. Na san abin da take roƙo. Na tuna tsawon jiran da muka yi, da yatsan da ta yanka, da yadda take kallon gefen kafaɗata. In na yi shiru wataƙila ta daure, matar nan ta daure abin da ya fi wannan. Wataƙila kuma ta fito ba ido ko ɗaya. Tsoro ya cika ni, ga haushi, har ban san wanda ya fi ba.

"Tana amai tun da safe," na ce. "Da gudawa. Jikinta da zafi."

Farcen ya sake ni.

Baba ya matso yana murmushi, irin na mai son gyara magana. "A'a, 'yar nan, ba wani ciwo ba ne. Gajiya ce. Kowace shekara bayan biki haka take yi, ta warware da kanta."

"Kowace shekara?" in ji nas. "Amai da gudawa kowace shekara ba gajiya ba ce, Baba. Me take ci?"

Na yi alkawarin ba zan gaya wa Baba ba, ko da ban furta ba. Amma bakina ya riga ya buɗe, kuma ni in na buɗe ba na iya tsayawa a rabi.

"Abin da ya lalace take ci. Mu ta gyara mana mai kyau, wanda ya juya ta soya da barkono ta cinye a kicin, don kada ya shiga shara. Jiya ma naman da ya yi tsami ta ci. Shi ne gajiyar, Baba. Shi ne ƙwayar shinkafar da ba ta shiga shara."

Ƙarshen maganar bai kamata in faɗa ba, a gaban mutane kuma. Murmushin Baba ya tsaya a fuskarsa, bai san inda zai kai shi ba.

Nas ta auna zafin jikin Mama ta girgiza kai. Ta ce a kai ta ɓangaren marasa lafiya a ba ta magani da ruwan gishiri da sukari, aikin ido kuwa yau ba zai yiwu ba. Na tambaye ta yaushe. Ta ce za a kira mu, amma kada ta yi mini ƙarya, layin yana da tsawo, mu kuma mun koma baya. Ta leƙa ƙofa ta kira na gaba daga benci na baya. Tsohon nan ne. Na ji shi yana ta godiya, yana ce wa 'yarsa ta riƙe masa hula.

Sai bayan azahar aka sallame mu, amai ya tsaya, an ba ta ƙwayoyi. Duk tsawon lokacin Baba yana zaune a kujerar gefen gado, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Muna fitowa baranda ya tsaya.

"Mamansu," ya ce a hankali. "Da gaske ne? Duk shekarun nan?"

"Kai dai ka taɓa cin abin da ya ɓata maka ciki a gidana?"

"A'a."

"To."

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe bai mayar ba.

Na kama hannun Mama don mu sauka zuwa titi, ta zare. Ta yi gaba ita kaɗai, kanta a sama, har ta kai bakin matakala. Nan ta tsaya. Rana ta haske simintin fari fat, ba ta gane inda ya ƙare ba. Ta miƙa ƙafa tana lalube, ta janye. Mutane suna ratsa ta gefenta suna wucewa. Na matso kusa, ban taɓa ta ba, ina jiran faɗan da na san na ci.

Ba ta yi faɗa ba. Ta juyo wajen da take jin numfashina, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na zubar da rabi, Yayarsu. Wallahi na zubar da rabi a banɗakin, ba ƙarya na yi miki duka ba. Na tsaya a kansa har ƙafata ta gaji, na runtse ido na zuba. Sauran ne hannuna ya ƙi."

Hawaye suka zubo mini. Baba ya ratsa ta gefenmu ya sauka ƙasa da ita kaɗan, ya juya mata baya, ya kamo hannunta ya ɗora a kafaɗarsa.

"Taho," ya ce. "Akwai gangara. In na sauka ki sauka."

Ta taho a hankali, tana bin kafaɗarsa da ƙafa mai lalube. Na bi su a baya da jakarta.